Mai Tsaye da Mai Tafiya: Abin da Rada Za Ta Iya Gani a Iyakar Bagudo

Tun daga rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 har zuwa ƙarshen 2024 da sunan 'yan bindigar Lakurawa ya cika gidajen rediyo, maganar tsaron iyakar Kebbi ba ta cika ƙarewa ba sai wani ya ce a kawo na'ura. A kafa kyamara, a sayo jirgi maras matuƙi, a dasa rada. Mai tallar rada kuwa abu ɗaya yake fara faɗa, wato kilomita nawa take hangowa. A ganina wannan adadi shi ne mafi ƙarancin amfani cikin duk abin da ya kamata mai saye ya tambaya. Abin da rada za ta gani da abin da zai kuɓuce mata, tun kafin a ɗora ta kan hasumiya aka yanke shi, a lokacin da injiniya ya zaɓi fasalin siginar da za ta riƙa aikawa.

Ƙaramar hukumar Bagudo wuri ne da ya dace a auna wannan magana da shi. A wajen Lolo Kogin Kwara yake shigowa Najeriya, bayan ya raba Nijar da Jamhuriyar Benin. Daga Lolo hanya ta nufi Madekali da Malanbil, daga Tsamiya kuma ta nufi Segbana. Layin da ya raba ƙasashen biyu ya samo asali ne daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta kawo shi bakin kogi mil 10 sama da mashigin Illo, ba tare da ta kula da gonar wa ko burtalin wa ta ratsa ba. Don haka abin da ke ƙetare wannan layi kullum ba jirgin sama ba ne. Kwalekwale ne, da garken shanu, da babur ɗauke da jarkoki, da mata masu zuwa kasuwa a ƙasa. Kusan dukkansu masu tafiyar hawainiya ne, kuma kowannensu yana iya tsayawa cak a gindin bishiya na awa guda. Waɗannan biyun, mai tafiya a hankali da wanda ya tsaya, su ne suka fi ba rada wahala.

Wani zai ce ai Najeriya tana da rada tun tuni. Tana da ita. Shirin TRACON na hukumar NAMA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, wanda kamfanin Thales na Faransa ya gina aka ƙaddamar a 2010, yana da tashoshi 9, har da ɗaya a Talata Mafara. Amma ta Talata Mafara irin wadda ke tambayar jirgi ce, jirgin ya amsa da na'urar da ke jikinsa. Wanda ba ya ɗauke da wannan na'ura, ko ya kashe ta, bai wanzu ba a wurinta. Manyan na Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, masu ganin jirgi ko bai amsa ba, an tsara su ne da gangan su zubar da duk abin da ke rarrafe a ƙasa, don kada motocin titi su cika wa mai kula da jirage allo. Abin da suke zubarwa shi ne ainihin abin da jami'in kwastan a Tsamiya yake nema.

Asalin aikin rada ba shi da wuya. Tana aika igiyar rediyo, igiyar ta bugi abu, wani ɗan kaso ya dawo. Igiyar tana gudun kilomita 300,000 a sakan, saboda haka duk jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana nufin nisan mita 150, zuwa da dawowa. Bajamushe Christian Hülsmeyer ya gwada haka kan jiragen ruwa a Kogin Rhine tun 1904, Robert Watson-Watt kuma ya gwada kan jirgin sama a Ingila a 1935. Jinkirin amsar shi ke ba da nisa. Gudu kuwa daga wani wuri yake fitowa, daga abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842. Kowa ya san ƙarar babur tana siririta in yana tunkaro ka, ta yi kauri in ya wuce. Igiyar rediyo ma haka take yi. Radar da ke aiki a gigahaz 10, mai zangon santimita 3, in ta bugi mutum mai tahowa da saurin mita ɗaya da rabi a sakan, amsar tana dawowa da ƙarin haz 100. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana ƙara kimanin haz 1,100. Kuka da tsauni da bangon ofis ba sa ƙara komai.

Daga nan rigimar take farawa, domin nisa da gudu ba sigina iri ɗaya suke so ba. In kana son raba abu biyu da ke kusa da juna a nisa, kana buƙatar bugu gajere ƙwarai. In kana son raba abu biyu masu gudu kusan ɗaya, kana buƙatar sauraro mai tsawo. Radar da jami'an kiyaye haɗurra ke nuna wa mota a bakin titi ta zaɓi ɓangare ɗaya kacokan: amo guda take saki ba yankewa, ta faɗa maka gudu daidai, amma ba ta san nisan motar ba, kuma motar da ke ajiye ba ta ganinta sam. Tsohuwar radar jirgin ruwa ta zaɓi ɗaya ɓangaren: gajeren bugu mai ƙarfin dubban wat, wanda ke zana gaɓa da tsibiri da jirgi, amma sai an jira zagaye da yawa kafin a gane wanne ne ke motsi.

Gajeren bugu yana da wani aibi. Ƙarfin amsa yana raguwa da mugun sauri, har in kana son ninka nisa sau 2 sai ka ninka ƙarfi sau 16. Bugun da ya gajarta ba ya ɗaukar ƙarfi mai yawa sai in na'urar aikawa ƙatuwa ce, kuma ofishin iyaka mai dogaro da sola da batir ba shi da wannan wadata. Mafitar da aka samo, wadda masana na Bell Labs suka wallafa bayaninta a 1960, ita ce a tsawaita bugun amma a sa muryarsa ta riƙa hawa daga farko zuwa ƙarshe. Mai karɓa ya san yadda hawan yake, sai ya matse doguwar amsar ta koma kamar gajeriya. A nan ba tsawon bugu ke yanke kaifin gani ba, faɗin hawan ne. Hawan megahaz 150 yana raba abu biyu da ke da tazarar mita 1, hawan gigahaz 1 yana raba masu tazarar santimita 15. Akwai kuma masu yanka bugun gunduwa-gunduwa suna juya wasu, bisa tsarin da R. H. Barker ya fitar a 1953, wanda mafi tsawonsa gunduwa 13 ne.

Wannan dabara ma ba kyauta ba ce. Muddin rada tana cikin aika dogon bugu, kunnenta a toshe yake. Bugun da ya kai kashi 100 cikin miliyan na sakan yana makantar da ita daga gindin hasumiya har kilomita 15, kuma a iyaka wannan shi ne duk filin da ake son gani. Shi ya sa na zamani suke jera gajere da matsakaici da dogo, kowanne da yankin da yake kula da shi. Sa'an nan amsar da aka matse ba ta fitowa tsaf, tana da 'yan inuwoyi gaba da baya. Inuwar tirela ta fi ainihin amsar mutum ƙarfi, don haka mai tafiya a gefen babbar mota yana iya ɓuya cikin inuwarta. Ana iya danne inuwoyin, amma kaifin gani yakan ragu kaɗan.

Inda lissafin ya fi ban sha'awa shi ne yawan bugu a sakan. A ce radar gigahaz 10 tana bugu sau 1,000 a sakan. Tana da lokacin jiran amsa daga kilomita 150 kafin ta sake bugawa, nisa mai daɗin faɗa a takardar talla. Hanyar da ta fi sauƙi ta gano mai motsi ita ce a cire amsar wannan bugu daga ta wanda ya gabace shi: abin da bai motsa ba ya shafe kansa, mai motsi ya rage. To amma in abu ya matsa daidai rabin zango, wato santimita ɗaya da rabi, tsakanin bugu da bugu, amsarsa tana dawowa tamkar bai motsa ba. Santimita ɗaya da rabi sau 1,000 mita 15 ne a sakan, kilomita 54 a awa. Wannan gudun babur ƙirar Boxer ne a hanyar burji mai kyau. Ɗan fasa-ƙwaurin da bai taɓa jin sunan Doppler ba zai iya tunkarar hasumiya kai tsaye, na'urar ta ɗauke shi a matsayin kututture. In aka ɗaga bugun zuwa 10,000 a sakan, makahon gudun ya koma kilomita 540 a awa, babu baburin da zai kai, amma nisan da ba a ruɗewa ya sauko kilomita 15, amsar tsaunin da ke kilomita 17 kuma ta bayyana kamar tana kilomita 2. Ba a samun biyun tare. Magani shi ne a riƙa sauya tazarar bugu, ta yadda gudun da ya ɓace a wannan jeri zai fito a na gaba.

Baturen Ingila Philip Woodward ya tattara wannan duka cikin lissafi guda a littafinsa na 1953. Abin da ya nuna shi ne kowace sigina tana da adadin ruɗani tsakanin nisa da gudu wanda ba ya raguwa. Injiniya ba ya iya kawar da shi, iyakarsa ya ture shi zuwa inda ba ya tsammanin abin nema. Ke nan tsara sigina yana farawa ne da sanin wuri. Wanda bai san gudun kwalekwale a Kwara lokacin cikar ruwa ba, ko saurin garke in ya doshi mashaya, bai san inda zai ture ruɗanin ba. Jemagu, masu gane abu da amsar kukansu, su ma haka suka rabu: wasu gajeren kuka mai saukar murya suke yi don auna nisa, wasu masu farauta cikin duhuwar ganye kuma dogon amo guda suke ja don su ji kaɗawar fiffiken ƙwaro, su ƙarasa da ɗan saukar murya don nisa.

Ga hasumiyar iyaka, irin radar da ta fi dacewa ita ce wadda ba ta bugu sam, sai dai ta riƙa sakin amo mai hawa ba yankewa, tana sauraro a lokaci guda. Wat kaɗan take ci, ba ta da makanta a kusa, kuma irinta ce ke gaban motocin zamani a gigahaz 77. Bambancin muryar da take fitarwa yanzu da wadda ta dawo shi ne nisa. Matsalar ita ce motsi ma yana sauya murya, sai nisa da gudu su cakuɗe a lamba ɗaya. Tsohuwar dabara ita ce a hau sannan a sauko. A hawa, motsin mai tahowa yana rage bambancin, a sauka yana ƙara shi, don haka in an haɗa lambobin biyu a sami nisa, in an cire a sami gudu. Wannan yana aiki sarai in abu ɗaya ne a gaba. In biyu ne, hawa ya ba da lamba 2, sauka ta ba da 2, haɗuwarsu ta zama 4, biyu na gaskiya biyu na ƙarya. A ƙiyasta abin da garken shanu 80 zai haifar. Saboda haka aka koma jera gajerun hawa masu sauri, 128 ko 256 a jere, kwamfuta ta fitar da taswira mai nisa a gefe ɗaya da gudu a ɗaya gefen. Kowane abu ya sami gurbinsa, kuma duk abin da ke tsaye ya taru a layi guda, layin sifiri.

Wannan layi na sifiri shi ne zuciyar batun a Bagudo. A takarda siriri ne, a daji kuwa yana da faɗi. Da damina gamba da karan dawa suna kaɗawa da iska, rassan bishiya suna lilo, duk suna ba da amsa mai ɗan motsi. Fuskar kogi kanta tafiya take yi, ɗauke da ciyayi da itace. Kwalekwalen da masunci ya ɗaga filafili ya bar ruwa ya ja shi, gudunsa da na ruwan ɗaya ne. In injiniya ya faɗaɗa abin da ake zubarwa don iska ta daina tayar da ƙararrawa, ya zubar har da mai tafiya a hankali. In ya matse, ƙararrawa ta yi ta kuka kan ciyawa har mai gadi ya gaji ya kashe sautin, kuma wannan na daga cikin hanyoyin da na'urorin tsaro suke mutuwa ba tare da sun lalace ba. Abin da ke taimakawa shi ne daɗewa ana kallon wuri ɗaya. A gigahaz 10, kallon kashi ɗaya cikin goma na sakan yana raba gudun da ya bambanta da santimita 15 a sakan. Amma radar da ta daɗe a nan ta makara zuwa can, zagayenta ya yi jinkiri.

Akwai kuma abin da masu talla ba su cika ambata ba: Doppler tahowa da ja da baya kawai yake aunawa. Wanda ya gitta ta gabanka daga dama zuwa hagu, gudunsa a wurin rada kusan sifiri ne. Hasumiyar da aka kafa tana kallon tsawon kogi za ta ga jirgin da ke gangarowa daga Malanbil sarai, amma mai fito daga wannan gaɓa zuwa waccan zai yi mata wuyar kamawa. Don haka inda aka dasa na'ura wani ɓangare ne na tsarin sigina, kuma sau da yawa ƙanana biyu masu kallo daga kusurwa daban sun fi babba guda. Hasumiya mai mita 30 tana kaiwa kimanin kilomita 22 kafin lanƙwasar ƙasa ta tare ta, in babu tudu ko kurmi a tsakani. Hazon hunturu da ke makantar da kyamara ba ya damun rada sosai, amma ruwan sama mai ƙarfi yana cinye gajeren zango, ganye mai duhu kuma yana tare shi. Dogon zango yana ratsa ganye, kamar yadda radar CARABAS ta Suwidin ta nuna a megahaz 20 zuwa 90, sai dai eriyarta ƙatuwa ce kuma daga jirgin sama take aiki.

To wanda ya tsaya cak fa? Motar da aka ajiye a gindin kuka ba ta da wani Doppler da za a kama ta da shi. Hanya ɗaya ce: rada ta haddace yadda filin yake, gurbi-gurbi, ta lura in wani gurbi ya sauya. Nan ne faɗin hawan sigina yake biyan kuɗinsa. Hasken rada mai faɗin digiri 2, in ya kai kilomita 5, ya buɗe mita 175. Da bugu mai kaifin mita 150, gurbi ɗaya ya haura hekta 2 da rabi, kuma babur a cikin wannan fili bai isa ya sauya jimillar amsar ba. Da kaifin mita 1, gurbin ya koma murabba'in mita 175, babur ya zama abin lura. Ko a haka sai an riƙa sabunta haddar, domin fadamar Illo ta watan Maris ba ita ce ta Satumba ba. In kuma aka sabunta da sauri, motar da ta kwana biyu a wuri sai na'urar ta karɓe ta a matsayin ɓangaren daji.

Daga sama abin ya juye. Radar tauraron ɗan'adam tana amfani da tafiyarta ne don haɗa hoto mai kaifi, dabarar da Carl Wiley ya gano a Amurka a 1951, kuma lissafinta ya ginu ne kan cewa ƙasa ba ta motsi. Sentinel-1 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2014, yana ɗaukar faɗin kilomita 250 a wucewa ɗaya, dare ko rana, ko da hadari ya rufe, kuma hotunansa kyauta ne. Ruwa kwance baƙi yake fitowa a cikinsu, shi ya sa suka dace da auna ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafar Kebbi. Sabon sansani, sabuwar hanya, rufin kwano inda da babu, duk suna iya bayyana in girmansu ya kai. Mai motsi kuwa hoton yana ajiye shi inda ba ya nan. Gudun mita 1 a sakan wajen tauraron yana gusar da abu kusan mita 100, don haka babur mai gudu, in ma ya fito, zai iya bayyana kilomita guda daga hanyarsa. Ga shi kuma tauraro ɗaya sai bayan kwana 12 yake maimaita hanyarsa. NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X da aka harba a 2011 kyamara aka sa musu, ba rada ba, gajimaren damina kuwa yana rufe wa kyamara ido.

Ko an warware duk wannan, ɗigo ne kawai zai fito a allo. Saniya ce ko mutum? Nan ma amsar tana cikin sigina. Jikin mai tafiya ba gudu ɗaya yake yi ba: gangar jiki tana tafiya daidai, ƙafar da ke ƙasa ta tsaya, wadda ke sama ta ninka sauri, hannuwa suna lilo. In rada ta saurara na sakan ɗaya ko biyu, wannan yana fitowa a matsayin zane mai maimaituwa, wanda Victor Chen na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ya yi fice wajen nazarinsa. Zanen mai ƙafa huɗu daban yake da na mai ƙafa biyu, na taya daban, na filafili daban. Sai dai kwamfutar da ke rarrabe su abin da aka koya mata kawai ta sani. Wadda aka horar da mutane masu tafiya hannu sake ba ta san mace mai tulu a ka da goyo a baya ba, wadda hannunta ba ya lilo. Ba ta san jaki da mangala ba, ko raƙumi, ko makiyayin da ya saɓa sanda a kafaɗa yana tafe a tsakiyar shanunsa.

Wannan giɓi ba sai an jira kamfanin waje ya cike shi ba. Ƙananan allunan rada na gigahaz 24 da 77 yanzu ɗalibin injiniya yana iya sarrafa su da kwamfutar hannu. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, da jami'ar tarayya da kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, duk cikin jihar Kebbi suke. Abin da ake buƙata shi ne a zauna a mashigi da burtali da bakin kasuwa, da izinin hukuma da sanin masu gari, a naɗi amsar shanu da jakuna da kwalekwale mai inji da maras inji, da babur wayam da babur mai jarka takwas, rani da damina, safe da dare, a rubuta wanne ne wanne. Da irin wannan tarin ne hukumar kwastan ko ta shige da fice za ta iya cewa da mai talla ya ajiye takardar kilomita, ya kafa na'urarsa a gaɓar Lolo cikin watan Agusta da iska tana kaɗa gamba, a turo kwalekwale ba filafili a gani ko za ta kama shi.